Jikina ya yi tsami: in koma ɗaga ƙarfe ko in dakata?

Tambaya

Assalamu alaikum Yaya. Ni matashi ne ɗan shekara 24, ina sana'ar ɗinki a Kano. Watan jiya na fara zuwa wurin ɗaga ƙarfe na unguwarmu, saboda zaman keken ɗinki ya kashe mini jiki, ga shi ni siriri ne ina son in ɗan murje. Ranar Asabar aka fara sa ni aikin ƙafa, muka yi ta tsugunno da ƙarfe a kafaɗa. A ranar lafiya lau na koma gida. Lahadi na tashi cinyoyina sun yi tsami, Litinin kuwa abin ya ƙaru, da ƙyar nake saukowa daga bene, zaman tahiya ma sai na dafa ƙasa. Abokina da ya kai ni wurin ya ce tsamin alama ce jiki yana karɓar aiki, sai an sha wuya ake shan daɗi, kuma in na tsaya duk wahalar da na sha ta tashi a banza. Har ya kawo mini haɗin ƙwayoyi daga kemis, ya ce in sha kafin mu tafi ba zan ji komai ba. Umma kuma ta ce in bar abin gaba ɗaya kafin in nakasa kaina. Ƙwayoyin suna nan ban sha ba. Don Allah a ba ni shawara, in koma ne ko in jira?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ji daɗi ƙwarai da ka yi tambaya kafin ka haɗiye ƙwayoyin nan, domin a duk abin da ka zayyana su ne suka fi tayar mini da hankali. Amsar tambayarka a gajarce ita ce kada ka bar ɗaga ƙarfe, kada kuma ka koma ka ɗora wa cinyoyin nan irin nauyin ranar Asabar alhali ba su sake ba. Ka je wurin, ka yi aikin da bai shafe su ba, su kuma ka ba su kwanakinsu. Amma ba na son ka ɗauki wannan don kawai na faɗa. Gara ka san dalili, yadda gobe in an sake jan ka gabas da yamma za ka iya yanke wa kanka hukunci.

Yadda ka kwatanta ciwon, ya bi tsarin tsamin da kowa ke yi bayan aikin da jikinsa bai saba ba. Ba ya zuwa a lokacin da ake aikin. Yakan fara ne bayan awa 12 zuwa 24, ya kai maƙura tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, sannan ya fara janyewa, yawanci kafin mako ya zagayo ya wuce. Shi ya sa Litinin ta fi maka Lahadi zafi, kuma wannan ƙaruwar ta rana ta biyu ba ta nufin wani abu ya lalace. Tun a 1902 wani masanin aikin jiki ɗan Amurka, Theodore Hough, ya rubuta a kan wannan tsami mai jinkirin zuwa, ya kuma danganta shi da 'yan ƙananan yagewa a cikin tsoka. Binciken da ya biyo baya ya ƙara haske. Zaruruwan tsoka da tantanin da ya lulluɓe su suna samun ɗan lahani da ido ba ya gani, jiki ya turo jini da ƙwayoyin gyara zuwa wurin, wurin ya ɗan kumbura, jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo su ƙara kaifi, har taɓawa kaɗan ko miƙewa ta zama da zafi. Za ka ji wasu a wurin motsa jiki suna cewa sinadarin laktik ne ya taru a tsoka, sai an fitar da shi da ƙarin aiki. Wannan tsohuwar fahimta ce da aka daɗe da barinta. Sinadarin yana washewa daga jini cikin kamar awa ɗaya bayan an gama aiki, tun kafin tsamin ya soma.

Akwai dalilin da ya sa saukowa daga bene ta fi maka hawa wuya. Tsoka ta fi shan wahala a lokacin da take riƙe da nauyi tana kuma miƙewa, wato lokacin sauke ƙarfe a hankali, ko lokacin da kake yin ƙasa a tsugunno kafin ka miƙe. Irin wannan aikin ne ya fi haddasa tsami, kuma shi ne cinyarka take sake yi duk sanda ka sauko mataki ko ka nufi zaman tahiya.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne wannan tsamin na farko shi ne mafi tsanani da za ka gani, matuƙar ba ka yanke ba. Manomi ya san haka. In damina ta faɗi ya ɗauki fartanya bayan watanni bai riƙe ta ba, kwanakin farko bayansa da kafaɗunsa sai su ƙi lanƙwasuwa, amma kafin a gama noman farko yana yini a gona ya dawo ba tare da wannan ciwon ba, alhali aikin bai ragu ba. Jiki yana koyo daga karo ɗaya tak. In ka sake yin tsugunnon nan bayan ka warware, da nauyi iri ɗaya, tsamin da zai biyo baya ba zai kai na farko ba, kuma wannan kariya tana ɗaukar makonni. A nan ne shawarar bari gaba ɗaya take da illa: wanda ya tsere wata biyu saboda tsami, ranar da ya dawo daga farko zai sake ɗanɗana shi.

Yanzu maganar abokinka. Cewa tsami shi ne shaidar jiki yana karɓar aiki, wannan ba daidai ba ne, kuma kuskure ne da ya jikkata matasa da yawa. Tsami yana nuna abu ɗaya ne, ka yi abin da ba ka saba ba. Mutum zai iya sauka daga dutse da gudu ya yi kwana huɗu yana ɗingishi ba tare da cinyarsa ta ƙaru da komai ba. Wani kuma ya shekara yana ɗaga ƙarfe a tsare, da wuya ka ji ya ce jikinsa ya yi tsami, ƙwanjinsa kuwa kullum ƙara cika yake. Wanda ya mayar da ciwo ma'auninsa, duk ranar da ya tashi garau sai ya ga kamar jiya bai yi komai ba, ya je ya ninka nauyi, har ya kai kansa ga rauni na gaske. Ma'aunin da zan ba ka shi ne ɗan littafi, irin wanda kake rubuta awon kwastomomi. Ka riƙa rubuta aikin da ka yi, kilo nawa, sau nawa. In bayan wata ɗaya nauyin da kake ɗagawa sau takwas ya koma sau goma sha biyu, ko ka ƙara kilo biyu ko uku ba tare da tsayuwarka ta karkace ba, to jikinka yana ginuwa, ko da tsami ko babu.

Tsoron cewa wahalarka za ta tashi a banza shi ma ba shi da tushe. Ƙarfin da aka tara ba ya zubewa don an huta kwana uku ko huɗu. Sai an yi mako biyu zuwa uku ba a taɓa ƙarfe ba kafin a fara ganin raguwar da za a kula da ita. Hasali ma ginin tsoka a lokacin hutu yake faruwa. Ƙarfe yana tayar da aikin ne kawai, sannan jiki ya shafe kwana ɗaya zuwa biyu yana ɗinke abin da ya yage yana ƙara masa kauri. Shi ya sa masu horarwa suke ba da tazarar aƙalla awa 48 kafin a sake matsa wa tsoka ɗaya.

Inda abokinka yake da gaskiya shi ne kwanciya ba ta warkar da tsami, motsi kuma yana sassauta shi. In ka yi tafiyar minti 20, ko ka hau keke a hankali, ko ka yi tsugunno ba tare da ƙarfe ba, za ka ji cinyoyin sun saki. Sauƙin na ɗan lokaci ne, bayan ka huce wani ɓangare na tsamin zai dawo, amma ba ya cutarwa, yana kuma hana jiki sandarewa. Kai da kake yini a zaune wannan ya fi shafarka. Ka riƙa miƙewa daga kan keken ɗinki lokaci zuwa lokaci ka ɗan taka zuwa bakin layi ka dawo. To amma tsakanin motsi mai sauƙi da komawa ƙarƙashin ƙarfe mai nauyi akwai rata babba. Tsokar da ke cikin tsami mai tsanani ƙarfinta ya ragu na 'yan kwanaki, ba ta kuma miƙewa yadda ta saba. In ka tilasta mata, jiki zai nemi hanyar kauce wa zafin ba tare da ka sani ba: gwiwa ta karkata ciki, baya ya lanƙwashe, nauyin ya koma kan ƙugu da gaɓoɓi. Tsoka tana da wadatar jini, tana warkewa cikin kwanaki. Jijiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, da wadda ta riƙe gwiwa, jininsu kaɗan ne, in suka samu matsala magana ce ta makonni ko watanni. Ga tela kuwa ciwon gwiwa ko na ƙugu ba ƙaramar asara ba ce, da su kake neman abinci.

Ga yadda za ka gwada kanka duk ranar da ka je da sauran tsami a jiki. Ka fara ɗumama jiki na minti goma, tafiya da sauri ko tsalle da igiya. Sai ka yi aikin da kake niyya hannu wofi, babu ƙarfe. In tsamin ya lafa, ka iya sauka har ƙasa ka miƙe yadda ka saba, ba ka ɗingishi, to babu laifi ka yi aikin, amma ka rage nauyi sosai, kamar rabin na wancan karon, ka kuma tsaya tun da sauran ƙarfinka. In kuwa bayan ɗumamar har yanzu sai ka cije leɓe kafin ka tsugunna, ranar ba ta ƙafa ba ce. Ka yi ƙirji, ko kafaɗa, ko gadon baya. A halin da ka kwatanta, mutumin da sai ya dafa kafin ya zauna, ba ka ma buƙatar gwaji: ƙafa ta huta har sai ka sauko daga bene ba tare da ka tuna da ita ba.

Kuma in faɗa maka gaskiya, wanda ya sa ka wannan aikin ranar Asabar ya yi maka yawa. Sabon shiga ba a haɗa shi da waɗanda suka shekara a wurin a ce su yi adadi ɗaya. Zagaye biyu ko uku da nauyin da kake iya sarrafawa ya wadatar a makonnin farko, ana ƙarawa kaɗan kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako wanda ya taɓa manyan sassan jiki. Kai mai son ƙara jiki, kwana uku a mako da ranar hutu a tsakani ya ishe ka, misali Asabar, Litinin da Laraba. Zuwa kullum ba ya sa a riga kowa isa.

Duk abin da na faɗa a sama ya rataya ne a kan cewa abin da ke damunka tsami ne na yau da kullum, don haka dole ka san kamannin wanda ba shi ba. Tsami yana bazuwa ne a faɗin tsoka, yawanci a ɓangarorin biyu daidai, cinyar dama da ta hagu, yana tashi in ka motsa ko ka danna, yana lafawa in ka zauna shiru. Rauni kuwa sau da yawa a take yake zuwa, kana cikin aiki ka ji wani abu ya tsinke ko ya soke ka a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da ɗan yatsa. Ciwon da ke cikin gaɓa, gwiwa ko kafaɗa ko gwiwar hannu, ba tsami ba ne. Haka wanda ya zo da kumburi a gefe ɗaya, ko fata ta yi duhu saboda jini ya kwanta, ko ƙafa ta kasa ɗaukar ka, ko ciwon baya mai harbawa zuwa ƙafa tare da jin ta mutu. Waɗannan asibiti ake kai su, ba a gwada su da ƙarfe. Ciwon da ya haura mako bai ragu ba shi ma a duba shi. Wani abu kuma da bai kamata mu manta da shi a ƙasarmu ba: zazzaɓin cizon sauro yana farawa da ciwon jiki da kasala, kuma mai ɗaga ƙarfe zai iya ɗauka tsamin jiya ne. In ciwon ya game har sassan da ba ka yi aiki da su ba, ga ciwon kai, ga zafin jiki ko jin sanyi, ka je a yi maka gwaji. Mai zazzaɓi ba ya ɗaga ƙarfe sai ya warke.

Akwai guda ɗaya da nake son ka riƙe fiye da sauran, domin shi ne wanda ke iya kai matashi mai lafiya gadon asibiti cikin kwana biyu. In aiki ya wuce kima, musamman ga sabon shiga da aka tura shi ya yi ɗaruruwan tsugunno ko tsallen kwaɗo, tsoka tana iya rushewa da yawa a lokaci ɗaya, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini. Cikin abubuwan da ke kwararowa akwai wani sinadari mai suna mayogulobin, wanda in ya yi yawa yake toshe matatun ƙoda. Alamarsa ita ce fitsari ya koma ja mai duhu ko kalar baƙin shayi, ko ya ragu ƙwarai, ga tsoka ta kumbura ta yi tauri, ga ciwon da ya fi ƙarfin aikin da aka yi, ga rashin ƙarfi, wani lokaci da tashin zuciya. Wanda ya ga haka kada ya jira gari ya waye, kada ya tsaya a kemis. Ya tafi asibiti ya gaya musu aikin da ya yi, za su auna jininsa su sa masa ƙarin ruwa, kuma in an kama abin da wuri yawanci ƙoda tana tsira. Ka duba fitsarinka yau. In fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske kamar kullum, ka kwantar da hankalinka.

Abubuwan da ke ƙara wannan hatsari duk muna da su a gida. Na farko zafi. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, kuma wuraren ɗaga ƙarfe na unguwa da yawa rumfar kwano ce ba iska. Na biyu ƙarancin ruwa a jiki, wanda ya sa mai azumi ya kamata ya mayar da aikinsa bayan shan ruwa, ya kuma rage shi. Na uku shi ne ɗauke da ƙwayar sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma mafi yawansu lafiyarsu ƙalau, suna wasanni suna aikin ƙarfi. Amma wani bincike da aka buga a 2016 a kan baƙaƙen sojojin Amurka kusan 48,000 ya gano cewa masu AS sun fi sauran fuskantar wannan rushewar tsoka da kimanin kashi 54 cikin ɗari, ko da yake bai samu ƙarin mace-mace a cikinsu ba. Tun 2010 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara wajabta tantance manyan 'yan wasanta a kan haka. Ba ina cewa mai AS ya bar ƙarfe ba ne. Ya san kansa dai, ya hau a hankali, ya huta tsakanin zagaye, ya sha ruwa, kada ya shiga gasar wa zai fi daɗewa. In ba ka san ko kai AS ne ba ka je ka yi gwajin. Ba shi da tsada, kuma ko ba don ƙarfe ba za ka buƙace shi, tunda dokar da aka sa wa hannu a Kano a 2024 ta wajabta shi kafin aure.

To, mu zo kan ƙwayoyin. Ƙanena, don Allah kada ka sha su, kuma kada ka ajiye su don wata rana. Haɗin da aka ƙulle a leda ba suna ba kwali, ba ka san abin da ke ciki ba, abokinka ma bai sani ba. Irin wannan haɗi yakan ƙunshi magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, wani lokaci biyun a tare, alhali aikinsu ɗaya ne kuma ba a haɗa su. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, suna kuma cin bangon ciki har su kawo gyambo. Ka haɗa wannan da abin da na faɗa yanzu: mutum ya sha su, ya shiga rumfa mai zafi, ya yi gumi, tsokarsa tana cikin lahani, duk nauyin ya taru a kan ƙoda a lokaci ɗaya. Ko ta fuskar abin da kake nema ma ba su da amfani. A cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin an ba matasa masu ɗaga ƙarfe ibuprofen miligiram 1,200 kullum na mako takwas, aka tarar tsokarsu ba ta ƙaru kamar ta waɗanda ba su sha shi ba. Kumburin da maganin yake kashewa yana cikin hanyar da jiki ke bi ya yi gini.

Abin da ya fi wannan muni shi ne in da tramadol a ciki. Kalmar abokinka cewa ba za ka ji komai ba ita ce ta sa na kawo shi. Tramadol dangin magunguna masu sa maye ne, yana kama mutum, yana kuma iya jawo farfaɗiya in an sha da yawa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 suna shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba, kuma tramadol ne kan gaba. Da yawa daga cikinsu ba da neman maye suka fara ba. Lebura ne, ko ɗan dako, ko mai tuƙi, ko tela a daren sallah, aka ce masa sha wannan ka ji ƙarfin aiki. Ba na zargin abokinka da mugun nufi, wataƙila shi ma haka aka koya masa, kuma in ka samu hali ka ja shi gefe ka gaya masa abin da ka ji. Amma ko da a ce ƙwayar ba ta da wata illa, shan ta kafin ɗaga ƙarfe kuskure ne a kan kansa, domin zafin nan shi ne zai gaya maka ka tsaya in gwiwa ta fara gocewa. In ka kashe shi, sai bayan maganin ya sake ka za ka san ɓarnar da aka yi. In wata rana ciwo ya hana ka barci, parasitamol bisa ƙa'idar da ke jikin kwalinsa ya isa, da dare, ba don ka samu damar komawa aiki ba. Haka nan in an zo maka da allurar ƙara tsoka ko maganin ƙiba saboda ka ce kai siriri ne, amsar ɗaya ce.

Abin da ke taimakawa da gaske ba shi da yawa, kuma ba a kemis yake ba. Barci ne kan gaba, awa bakwai zuwa tara. Na san sana'arku, in sallah ta gabato kwana ake a shago. A irin waɗannan makonni ka rage ƙarfe zuwa sau ɗaya ko biyu marasa nauyi, domin jikin da bai yi barci ba ba ya gyara kansa, kuma mai gyangyaɗi bai kamata ya kwanta ƙarƙashin ƙarfe ba. Sai abinci. Mai neman ƙara tsoka yana buƙatar kimanin giram 1.6 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato in kana kilo 60, kusan giram 96. Ba sai ka sayi garin gwangwani mai tsada ba. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, kofin dafaffen wake kamar 15, kofin madara ko kindirmo kamar 8, gyaɗa kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta furotin ne. Ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, awara ko ƙuli-ƙuli a tsakani, fura da nono, kifi ko nama in an samu, sun kai ka. Kuma tunda kai siriri ne, ka ci ka ƙoshi, tuwon ma yana da aikinsa. Ruwa kuma ka sha har fitsari ya yi haske.

Tausa mai sauƙi tana rage tsami kaɗan, gashi da ruwan ɗumi da man zafi suna sa a ji daɗi, duk babu laifi, in dai ba a murza wurin da ƙarfi ba. Miƙe jiki kafin aiki ko bayansa yana da amfaninsa, amma an gwada an ga ba ya hana tsami wani abin kirki, don haka kada ka ja cinyar da ke ciwo da ƙarfi da sunan warkar da ita.

Umma kuma kada ka yi mata gardama. Ta ga ɗanta da ya fita da ƙafafunsa yana dafa bango, dole hankalinta ya tashi, kuma tsoron nata yana da wurin zama, tunda akwai waɗanda ƙarfe ya nakasa saboda gaggawa. Ka zauna ka yi mata bayani cewa wannan na 'yan kwanaki ne, ka gaya mata ka rage nauyi, kwana uku kawai za ka riƙa zuwa, kuma ba ka shan komai. In ta ga ka warware cikin makon nan, ta ga kuma mako mai zuwa ka dawo kana tafiya daidai, da kanta za ta sassauta. Ka nemi albarkarta a kan abin, kada ka riƙa zuwa a ɓoye.

Ranar da za ka koma aikin ƙafa, ka samu mai kula da wurin tun kafin a fara, ka gaya masa kai sabo ne kuma da naka adadin za ka yi. Ka fara da sandar ƙarfen kaɗai babu faifai, ka roƙi wanda ya iya ya tsaya a gefe ya duba bayanka da gwiwoyinka. In wurin ba ya yarda sabon shiga ya yi nasa daban, sai dai kowa ya bi adadin manya, ka nemi wani wurin. Allah Ya ƙara lafiya, Ya yi wa sana'a albarka.